Shirin Kai Yara Gida Na Mako Uku: Jawabin Sakatare A Taron Iyaye

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah gafarta malamai, iyayenmu mata, 'yan'uwa mazauna Sabo.

Kwamiti ya ɗora mini in yi bayanin tafiyar da muke shiryawa, wato ɗaukar bas guda mai kujera 18 a kai yaranmu da aka haifa a nan Ibadan ƙauyukan kakanninsu, a zaga har mako uku. Na ji wasu na cewa yawon buɗe ido ne. To, ga dalilinmu.

Tun 1916 aka kafa Sabon nan. Akwai gidajen da uba da kaka duk a nan aka yanke musu cibiya. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin zama duk inda ya so a Nijeriya, kuma muna zaune. Amma ranar da yaro zai nemi aikin soja, ko ɗan sanda, ko gurbi a makarantar gwamnatin tarayya, sai a ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali. A nan a ce masa baƙo ne. Ya je can, dagaci ya dube shi ya ce, ɗan wa ne? Wannan tambaya muke son yaranmu su iya amsawa tun muna raye.

Ni na gani da idona. Shekarun baya na ɗauki babban ɗana muka tafi ba shiri, muka isa sakatariya ranar Juma'a ana shirin tafiya masallaci. Muka zauna har Litinin. Da Litinin ta zo aka ce sai da wasiƙar mai unguwa, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi. Dagacin da ya san mahaifina ya rasu, ɗansa da ya gaje shi bai taɓa jin sunanmu ba. Wata gwaggona ce, tsohuwa tukuf, aka tallafo ta ta zo ta lissafo kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. Yau ba ta duniya, Allah ya jiƙanta. Da mun ƙara shekara biyu, ban san wanda zai tsaya mana ba.

Saboda haka aikin farko a kan takarda yake, tun kafin a je tasha. Kowane mai gida ya rubuto mini sunan ƙauyensu, da ƙaramar hukumar da ƙauyen yake a YAU. Na ce a yau ne domin da yawanku kun baro gida Katsina tana cikin jihar Kaduna, ba ta zama jiha ba sai 1987. Jigawa ta fita daga Kano a 1991, Kebbi daga Sakkwato a shekarar, Zamfara kuma a 1996. Ƙananan hukumomi sun kai 774, Kano kaɗai tana da 44. Mutum sai ya rantse shi ɗan wuri kaza ne, alhali an daɗe da yanke ƙauyensu an mayar wata sakatariya. Ku buga waya gida ku tambaya. A haɗa da sunan wanda zai sauke mu da lambarsa, shi ne kuma zai sanar da mai unguwa tun da wuri. Wanda rubutu ke yi wa wuya ya same ni, kada ya ji kunya, ni ma da gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Sai maganar lokaci, a nan muka fi yin gardama a kwamiti. Dogon hutun makaranta yana faɗawa cikin Agusta, tsakiyar damina ke nan. Hanyar ƙauye ta zama laka, rafi ya cika, mutanen da za mu je dominsu kuma suna gona tun safe. Ba mu manta da ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025 ba, wadda ta ci mutum fiye da 150, kuma a kan hanyarmu garin yake. Ni na tsaya a kan hutun Disamba. An gama kaka, rumbu a cike, hanya a bushe, dattawa suna gida. Illarsa biyu ce, hazo da sanyi. Yaron da aka haifa a Ibadan bai san hunturu ba. Iyaye mata, a saka rigar sanyi da bargo da man kaɗe, kada ku ce ban faɗa ba.

Daga nan zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, amma kada kowa ya yi lissafi da wannan. Za mu bi Oyo, Ogbomosho, Ilori, mu haye Kwara a gadar Jebba, mu kai Mokwa. Bayan Mokwa hanya take rabuwa: ko Bida da Minna da Suleja zuwa Kaduna, ko Tegina da Birnin Gwari, wadda ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga. Ba za mu yanke hanya a wannan zaure ba. Ana jibi za mu tashi, za mu je tasha mu tambayi direbobin da suka sauko a makon. Haka za a yi a kowane zango. In mai masauki ya ce kada ku shigo, ba za mu shiga ba, sai shi ya fito da dattijon gidan mu haɗu a sakatariya. La'asar sakaliya kuma ta same mu a masauki, ko da saura tafiyar rabin awa.

Cikin ƙauyuka, kwanaki ake lissafawa. Ofis Litinin zuwa Alhamis ne, Juma'a rabin rana ce. Ranar kasuwa ba ka samun kowa a gida, amma a kasuwar za ka ga dangi na ƙauye biyar a wuni ɗaya. Wudil tana ci Juma'a, Mai'aduwa Lahadi, Maigatari Alhamis. Don haka gaisuwa da zumunci mu ajiye su a ranakun kasuwa da ƙarshen mako, takarda kuma a farkon mako. Kowane ƙauye kwana biyu aƙalla. Wanda ya shiga da hantsi ya fita da azahar, an gan shi ne, ba a san shi ba. Cikin kwana 21 mun ware huɗu na zuwa da dawowa, uku kuma ba mu sa musu komai ba, na ɓacin mota ne da rasuwa da hakimin da ya yi tafiya. Saura 14, wato ƙauye bakwai. Na ji an kawo sunaye goma sha ɗaya. Ba zai yiwu ba, sai dai huɗu su jira baɗi, kuma waɗanda tsofaffinsu suka fi manyanta su za a fara.

Game da shingayen hanya: direba ya riƙe lasisi, takardun mota da inshora, da safaya mai kyau da abin kashe gobara. Kowane babba da katin ɗan ƙasa, kowane yaro da takardar haihuwa da hotuna. Yaron da ba ubansa a motar, a ba mu rubutacciyar yardar iyaye, domin bas cike da yara abin tambaya ne. Sarki zai ba mu wasiƙa mai sunan kowa. In an tare mu, mutum ɗaya zai yi magana, sauran su yi shiru. Kuma ba wuƙa, ba adda, ba bindigar farauta. A Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci aka yi musu, amma mu da yara za mu tafi.

Kuɗi kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 shatar mota ta zama abin da ta zama, ma'aji zai faɗi rabon kowa. A riƙe tsaba a hannun mutum uku, don akwai ƙauyen da sai ka hau tudu waya take kamawa. Za mu tafi da shinkafarmu da manja. Mutum 18 su sauka wa talaka a ka har kwana biyu, zai yanka akuyarsa ɗaya tilo don kunya, ba zai faɗa ba. Goron Shagamu na masu unguwa da dagatai ƙungiya ce za ta saya.

Littafin rajista yana wajena bayan la'asar kullum, a ƙofar masallaci. Za a rufe shi ranar taro mai zuwa.

Wassalamu alaikum.