Jawabi a kan Cimar Tarwaɗa

  

Tun da ana shawarar zuba ɗiyan tarwaɗa cikin tabkin garinmu, ya kamata mu san cimarta kafin mu sa kuɗinmu.

Tarwaɗar da ake kamawa a Madarumfa, da Tabalak, da Gidimuni, da kogin Yamai, ba ta da zaɓen abinci. Idonta ƙanana ne, amma Allah ya ba ta gashin baki guda 8, da su take lalube da ɗanɗano cikin laka. Don haka kiwonta ya fi ƙarfi da dare. Tana cin tana, da ƙwarin ruwa, da talibambam, da kwaɗi, da ɗiyan karfasa, da ƴaƴan itace, har mushe. In damana ta faɗi ruwa ya malale cikin haki, can take bi ta yi ƙwai, ɗiyanta su tashi da ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa. Kuma tana shaƙar iska, shi ya sa take jure ruwan da ya kashe karfasa.

To, ga abu 3 da za mu riƙe.

Na 1, tarwaɗa tana cin ƴar'uwarta. In mun haɗa manya da ƙanana, ko mun bar su da yunwa, mu zuba da yawa mu kwashe kaɗan. Sai a zuba masu girma ɗaya.

Na 2, dusa kaɗai ba ta gina ta. A haɗa da gara, da tsutsa, da jinin mahauta dafaffe. A ba ta da marece, gwargwadon abin da za ta cinye. Saura ruɓewa yake, ya ɓata ruwan da bisashenmu ke sha.

Na 3, kada a wanke famfon feshin wake a tabki, kada a kama kifi da magani. Guba tana kashe cimarta, wadda ta shige ta kuwa tukunyarmu za ta dawo.

Dattawa, muna roƙonku ku ja kunnen samari. Ƴan ci-rani, in za ku aiko da gudummawa, ku sa kuɗin abinci tare da na iri. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.