Kashi na 14: Idan tsoho ya ce "na gaji"

Yau maganar tana da nauyi, ku ɗan yi haƙuri da ni.

A Yauri idan dattijo ya ce "ni dai na gaji da duniya", me muke ce masa? "Haba Baba, sai haƙuri." Shi ke nan, a kawo wata hira. To Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma a yawancin sassan duniya abin ya fi tsanani ga waɗanda suka haura 70. Mu nan ba ma ƙirgawa, kunya ce ke rufe maganar.

Ku dubi dattawanmu na bakin ruwa. Suna yara aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungunansu, aka tashe su. Yanzu ƙarfin jefa taru ya ƙare, 'ya'ya sun tafi ci-rani ko haƙar zinare. Wasu kuma jirgin da ya kife kusa da Wara, a Ngaski, cikin Mayun 2021, ya tafi musu da mai ciyar da su. Masunci ba shi da fansho. Ranar da ya ajiye kwale-kwale, ranar aljihunsa ya bushe, majalisar bakin tafki ma ta daina nemansa. Wallahi wannan shirun ya fi yunwa cin mutum.

Ta ɓangaren gwamnati fa? An sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, ta lafiyar ƙwaƙwalwa kuma a 2023. Madalla. Amma sashe na 231 na Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Wa zai kai mahaifinsa asibiti yana tsoron 'yan sanda? Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Ni dai ina ganin mu ma lokaci ya yi.

Kuma ba kowa ke da kuɗin motar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ba. A horar da ma'aikatan asibitocin ƙauye na Shanga da Ngaski, in tsoho ya zo awon hawan jini a tambaye shi barcinsa, da wanda yake ci da shi.

In naka ya daina fita masallaci, ko ya fara rabar da kayansa, zauna ka tambaye shi kai tsaye, ka kulle maganin feshi, ka raka shi asibiti. Mako mai zuwa za mu ɗora da maganar zawarawa tsofaffi.