Ki Gwada Caja Kafin Ki Biya

Yau a kan caja zan yi magana, domin da yawa a cikinmu sun karɓi rancen asusu sun sayi waya ko tocila mai caji, wasu ma sun kafa sana'ar cajin waya da sola. Ba kowace caja mai araha ce marar kyau ba, amma sai an gwada ta ake ganewa. Kuɗinta kaɗan ne, abin da take iya lalatawa kuwa jari ne guda.

Mu fara da batir. In kika buɗe bayan ƙaramar waya, za ki ga an rubuta Li-ion a jikinsa, galibi da lamba 3.7 da harafin V. Yawancin irinsa suna cika ne a 4.2. Tulu in ya cika, ruwa ne kawai zai zube ƙasa. Shi wannan batir in aka ci gaba da ɗura masa wuta bayan ya cika, zafi zai yi, ya kumbura, wani lokaci har ya kama da wuta.

Caja iri biyu muke amfani da su. Akwai ta waya. Aikinta shi ne ta rage wutar soket, wadda ta haura 200, ta mayar da ita 5 ba tare da hawa da sauka ba, ita wayar da kanta take tsayar da caji in ta cika. Akwai kuma wadda ake cire batir a maƙala a cikinta, kamar dogon batirin tocila mai lamba 18650. Wannan ita ce za ta tsayar da cajin, saboda haka ta fi buƙatar lura.

To, ga yadda nake so mu riƙa yi a gaban mai shago.

Na farko, ki duba rubutun jikinta, ko ki sa ɗanki ya karanta miki. Cajar waya ta yau da kullum tana nuna 5V, sai 1A ko 2A. Ta batir kuma dole ta nuna 4.2V. Wadda ba ta da rubutu, ko rubutun yana gogewa da yatsa, ki ajiye musu kayansu. Kuma suna babba a jikin kwali ba shaida ba ne, ana buga na jabu.

Na biyu, ki ɗauke ta ki jijjiga. In ba ta da nauyi sam, ko wani abu yana kaɗawa a ciki, ko ƙafafunta suna motsi, ki bar ta. Sai dai nauyi kaɗai bai isa ba, domin wasu masu jabu suna cusa guntun ƙarfe a ciki.

Na uku shi ne babba: a jona ta da wayarki kamar minti 15. Ɗan ɗumi ba laifi ba ne. Amma in ta yi zafin da ba za ki iya riƙe ta ba, ko tana warin ƙonewar roba, ko tana tartsatsi, ko fuskar wayar ta shiga danna kanta, ko kika ji wuta ta ɗan ja ki, kada ki karɓa ko kyauta ce. Igiyar ma ki gwada ta, siririyar igiya tana jinkirta caji.

Na huɗu, cajar batir. Fitilarta ta canza launi in batir ya cika, yawanci daga ja zuwa kore, kuma batirin kada ya yi zafi. Wannan ba ya ganuwa cikin minti 15, don haka ki yi yarjejeniya da mai shago cewa za ki dawo da ita in ba ta tsaya ba. Ki karɓi rasit.

A gida kuma, kada mu yi caji a kan katifa, ko ƙarƙashin matashi, ko cikin rana, ko kusa da kananzir. A ɗora a kan siminti, inda ido yake gani. Batirin da ya kumbura ya gama aiki: kar a huda shi, kar a jefa shi murhu, kar a ba yara su yi wasa da shi.

Ke mai sana'ar caji, ki tuna wayar mutane amana ce a hannunki. Guda ɗaya in ta ƙone, ribar makonni ce za ta tafi wajen biya, ga zubin asusu yana jiranki, ko ba haka ba?

Shawarata ita ce mu zaɓi mata biyu su riƙa sayo wa ƙungiya, su gwada, sakatariya ta rubuta ranar saye da shagon a littafi. Bayan wata uku za mu san wadda ta yi ƙarko. Zama mai zuwa kowa ta zo da cajarta, mu duba su tare.