Sarautar Kabaka da Dangogin Buganda



A arewa maso yammacin tafkin Biktoriya, cikin ƙasar Yuganda, akwai wata tsohuwar daula da ake kira Buganda. Mutanenta su ne Baganda, harshensu Luganda, sarkinsu kuwa Kabaka. Tarihin baka ya nuna Kintu ne sarkinsu na fari. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: me ya riƙe wannan sarauta, har aka rushe ta da ƙarfin bindiga, amma ta sake tsayawa?

Amsar tana cikin tsarin dangi. Baganda sun kasu dangogi sama da 50, kowanne da abin da ya haramta wa kansa ci, galibi dabba ko tsiro, kowanne kuma da aikinsa na gado a fada. Dangin Mmamba, wato gaiwa, su ke da jiragen ruwan sarki, shugabansu Gabunga shi ne sarkin jirgi. Dangin Ngonge, wato karen ruwa, su ke buga ɓawon itacen mutuba har ya zama tufa. Ba a aure cikin dangi ɗaya, ɗa kuwa dangin ubansa yake bi. To, a nan hikimar take: ɗan sarki shi kaɗai dangin uwarsa yake bi. Tun da Kabaka yakan auro daga dangogi da yawa, kowane dangi na sa ran wata rana jikansa zai hau gado. Sarauta ta zama hannun jarin kowa. Shi ya sa ake yi wa Kabaka laƙabi da Ssaabataka, shugaban shugabannin dangi.

Baƙi sun zo bi da bi. Larabawan Zanzibar sun kawo Musulunci wajen 1844, mishan na Ingila suka iso a 1877, na Faransa a 1879, duka biyu zamanin Mutesa na Ɗaya. A 1890 Kyaftin Lugga ya sauka, wannan dai Luggan da ya ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903. Yarjejeniyar 1900 ta bar wa Kabaka gadonsa da majalisarsa, Lukiiko, da wazirinsa, Katikkiro, amma ta raba ƙasa ga hakimai ta zama mallakarsu, shugabannin dangi da yawa suka rasa filayen kakanninsu. Wannan miki bai warke da wuri ba.

Duk da haka, da Gwamna Cohen ya kori Mutesa na Biyu zuwa Ingila a 1953, jama'a suka ƙi amincewa da wani, tilas aka komo da shi a 1955. Bayan mulkin kai ya zama shugaban ƙasa a 1963. A 1966 Milton Obote ya tura Idi Amin da soja suka far wa fadar Mengo. Sarki ya tsere Landan, inda ya rasu a 1969. Tsarin mulkin 1967 ya soke sarautar.

Abin da doka ta kasa sokewa shi ne dangi. Shugabannin dangogi suka ci gaba da ɗaukar ɗansa, Ronald Muwenda Mutebi, a matsayin Ssaabataka. Ranar 31 ga Yuli, 1993, aka naɗa shi Kabaka a tudun Naggalabi, bisa sharaɗin sarautar ta tsaya ga al'ada, ba ruwanta da mulkin siyasa.