Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Mishi Yoyo: Jawabi kan Lafiyar Hankali a Arewa

Malamaina, iyayenmu da sunka zo sa muna albarka, shugabannin ƙungiya, ƴan uwana samari da ƴan mata, ina gaishe ku. An ce in yi magana kan lafiyar hankali, in kuma kawo shawara guda wadda ƙungiyar ga za ta iya ɗauka. Shawarata ita ce: duk aikin da za mu yi wa masu taɓin hankali a Dogon Dutsi da Tibiri, kada mu rubuta ƙa'idarshi sai suna zaune tare da mu, da bakinsu a ciki.

Kowa a nan ya san yadda abin ke tafiya. Saurayi a Dumega ko Dankasari ya daina kwana, ya fara magana shi kaɗai. Sai a kai shi wurin malam, a yi ruƙiyya, a sha rubutu. Wasu, tunda nan Arewa ce ba sai na ɓoye ba, su bi dare su tafi wurin ƴan bori. A saida akuya, a saida dammunan hatsi. In abin ya ƙi, a tuna da CSI, daga nan asibitin Dutsi, sai Doso. Mai ƙarfi ya kai har Pavillon E na babban asibitin Yamai, tafiyar sama da kilomita 270. Cikin wannan yawon duka an tambayi uba, an tambayi kawu, malam ya faɗi nashi, majo ya faɗi nashi. Shi mai ciwon yana kan tabarma ana shawara bisa kanshi kamar buhun gero.

In kuɗi sunka ƙare kuwa, sai turu ko mari. A watan Satumba 2019 ƴan sandan Najeriya sun fiddo mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. A Oktoba 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Ban zo zagin iyaye ba. Uwar da ta ɗaure ɗanta a gindin itace tsoro take ji kada ya faɗa rijiya, kuma ba wanda ya nuna mata wata hanya. Amma fa shi ke da ƙafar, shi ya san abin da ƙarfe ke yi wa mutum cikin sanyin dare.

A takarda ƙasarmu ta riga ta ɗauki alkawari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijar ta tabbatar da ita a 2008, kuma cikin waɗanda sunka sa hannu wajen tsara ta har da mutanen da sunka taɓa kwanciya asibitin masu taɓin hankali. A shekarar 2008 ɗin dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta fiddo shirin mhGAP, wanda manufarshi ita ce a koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti gane ciwon damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya, ya ba da magani nan kusa da gida. Madalla. Sai dai kawo magani kusa abu guda ne, mutum ya yarda ya komo wata mai zuwa wani abu ne daban. Wanda anka wulaƙanta sau ɗaya a bakin ƙofar likita ba ya komowa, ko da kyauta ake rabon ƙwayar.

Bari in ba ku labarin asibitin Fann na Dakar, don ya fi komai kama da abin da nike nufi. Zamanin likita Henri Collomb, cikin shekarun 1960, sun ɗauko al'adar Wolofawa ta taron dandalin gari, wadda suke kira penc, sunka shigo da ita cikin asibiti. A shimfiɗa tabarmi, majinyata su zamna, danginsu masu jinya su zamna, likitoci da masu shara su zamna, kuma wanda ke jagorantar zaman daga cikin majinyatan ake zaɓo shi. Nan ake maganar abinci, da maganin da ke sa jiki nauyi, da ma'aikacin da ke tsawa, da wanda ya kusa komawa gida. Babban likita sai ya jira a ba shi izinin magana kamar kowa. Kafin su, a 1954, likita Thomas Adeoye Lambo ya sauke majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa da ɗan uwanshi, suna kwana gidajen mutane suna zuwa karɓar magani da rana. Duka biyun nan Afirka ta Yamma anka yi su. Mu kuwa da muke da fada kowace unguwa, muna iya kwashe awa uku bisa butar shayi guda muna gardamar kokowa ko ƙwallo, zama da saurare ba baƙon abu ba ne gare mu.

Na san tambayar da ke zuciyar wasunku: yaya za a nemi shawarar wanda hankalinshi ya gushe? Mu da munka yi karatun fiƙihu a madarsa mun ga amsar tun da wuri. Malamai sun raba tsakanin haukan da ba ya sakin mutum da wanda ke zuwa yana tafiya, sunka ce lokacin da ya farfaɗo sallarshi ta inganta, cinikinshi ya inganta. To mafi yawan masu ciwon ga, musamman in suna shan magani, kwanakin lafiyarsu sun fi na ciwo yawa nesa. A cikin kwanakin lafiyar ne za a zamna da mutum a tambaye shi: in abin ya taso, wa kake so a kira? Wa ba ka so ya taɓa ka? Ina za a kai ka da farko? Wa zai riƙe maka kuɗinka da gonarka? A rubuta, a ajiye. Ranar da ciwo ya komo, maganarshi ce za a bi, ba ta mai ƙarfin murya cikin dangi ba.

Akwai kuma abubuwan da ba za mu taɓa tunawa da su ba sai an gaya muna. Ina da ɗan uwa mai farfaɗiya. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba hauka ba ne, kuma ba a ɗaukarta ta miyau, amma a garuruwanmu kwando guda ake zuba su. Ƙwayar da yake sha mai arha ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Abin da ya kusa raba shi da maganin shi ne wani ma'aikaci da ya kira sunan ciwon da ƙarfi gaban layin mutane, a lokacin da yake neman aure. Wace takardar ofis za ta gaya maka wannan? Haka mai shan maganin taɓin hankali zai gaya maka cewa wata ƙwayar na sandarar da wuya tana sa miyau zuba, wata na sa barci da hantsi, kuma manomi da damina ba ya iya barcin hantsi, shi ya sa yake jefar da ita lokacin noma. Zai tambaye ka batun azumi: ya ɗauka ko ya aje, in ya ɗauka yaushe zai sha magani? Wannan tambayar malam kaɗai ba ya iya amsa ta, likita kaɗai ba ya iya amsa ta, sai su biyun sun haɗu da mai ciwon.

Ƴan uwana mata, ku ma akwai naku. Mai jegon da baƙin ciki ya rufe bayan haihuwa, ko ɗiyar lakkwal da ke faɗuwa cikin aji ana cewa aljanu, ba za su buɗe baki gaban maza ba. Zamansu daban ya kamata a yi, ku ku riƙe alƙalami. Su ma abokanmu da tramol ya kama, waɗanda sunka komo daga cin rani ko haƙar zinariya da kai a rikice, wallahi sun fi mu sanin ƙofar da ake shiga da wadda ake fita.

Ga yadda nike ganin farawa. Ƙaramin zama, mutum goma sun isa, cikin gida mai sirri, ba lasifika, ba hoto, ba wanda zai sa komai a WhatsApp ko Facebook. Gayyata ta bi ta hannun majo ko dangi, wanda bai so ba a ƙyale shi. Ɗaya daga cikinsu ya jagoranta. Ƙungiya ta biya kuɗin kabu-kabu da shayi, don mai tasowa daga Geceme ko Matankari kada ya ci bashi saboda mu. Abin da sunka yarda da shi a rubuta da Hausa, da boko da ajami, shafi guda, a karanta musu su gyara. Sannan mu ɗauka tare da wakilansu mu kai wa babban likitan gunduma, da limamai, da masu gari. Ku shirya jin abin da ba daɗi: mai yiwuwa su ce sadakar da muke rabawa da azumi muna ɗaukar hoto kunya take ba su, ko su ce sunan da muke kiransu da shi a fada ya fi dutsen da yara ke jifarsu da shi zafi. In sun faɗa, shi ma a rubuta.

Ranar 10 ga Oktoba ita ce ranar lafiyar hankali ta duniya. Ina roƙon shugabanni a yi zama guda a Dutsi, guda a Tibiri kafin ranar, kuma a yau, kafin a watse, a samu samari biyu da ƴan mata biyu da za su ba sakatare sunansu.