Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Nazarin Tsirrai da Gandun Daji

 

Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. 'Ya'yana, kun yi shekaru kuna karanta hikimar da Ubangiji ya shimfiɗa a cikin itatuwa. Kun ga kurmin Kuros Riba, inda ruwa ya yi yawa har ganye ke da tsini a baki domin ya tsiyaye shi, manyan itatuwa kuma suna rige-rigen kaiwa ga hasken rana. Kun dawo dajinmu na arewa, inda gwagwarmayar ta koma ta ƙishirwa da gobara. Kuka tana ajiye ruwa a cikin gangar jikinta. Kaɗanya ta yi ɓawo mai kauri da wutar daji ba ta cika cin ta ba. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, sannan ya yi kore da rani, dabbobi su samu inuwa da abinci.

Amma sanin itace sai da zuwa gindinsa. Kaɗanya da namijin kaɗe sukan ruɗi baƙo daga nesa. Ɗan sari ɓawon kaɗan: idan farin ruwa kamar madara ya fito, kaɗanya ce. Tsohuwa mai tsintar ƙwara ta san wannan tun kafin a haife ku. Shi kansa Dalziel, da ya wallafa littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga bakin mutanen ƙasar nan ya tattara su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku dubi manoman Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 suka riƙa barin tohon da ke fitowa daga kututture suna renonsa, har gonakin da suka zama fili suka sake cika da itatuwa. Sun yi nasara ne domin sun san abin da za su sare da abin da za su bari.

Saboda haka ina roƙonku, kada takardar shaidarku ta tsare ku a ofis. Ku shiga daji, ku zauna da manoma da makiyaya da masu magani, ku rubuta abin da suka sani kafin gatarin masu gawayi ya riga ku.

Allah ya yi muku albarka, ya maida kowa gidansa lafiya.