Asalin Gida da Takarda: Daga Osu zuwa Kasuwar Jega



Zan fara da wani gari mai nisa, ku yi mini haƙuri, ba za mu daɗe a can ba. A bakin teku, cikin birnin Akara na Gana, akwai unguwar Osu. Nan Turawan Danmak suka kafa ganuwar Christiansborg wajen 1661, suna sayen zinariya da bayi, har suka sayar wa Ingila da ganuwoyinsu a 1850.  A yau wanda ya fito daga gidan Richter ko gidan Wulff a Osu yana iya neman kakansa a takarda, domin limaman coci sun rubuta haihuwa da aure da mutuwa, magatakardan kamfani sun rubuta albashi da bashi, da yawan takardun kuma suna ajiye a gidan adana tarihi na ƙasar Danmak.

Ɗalibi kan ji haka ya ce: mu ba mu da komai ke nan. Wannan maganar na zo in musa. Kada kuma mu ɗauka Turawan nan sun yi rubutun ne don ƙaunar jikokin mutane. Lissafin kuɗi ya sa su. Wanda ake bin sa bashi ya shiga littafi da sunansa, bawan da aka loda a jirgi kuwa sau da yawa adadi kawai ya zama. Shi kansa Carl Christian Reindorf, jikan wannan cuɗanya ta Danmak da mutanen Ga, da zai rubuta tarihin ƙasar da ya fito a 1895, bakin tsofaffi ya bi.

To mu dawo gida. Jega ba tsohon gari ba ne can can. Muhammadu Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa ta wajen 1820, bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, wato Abdussalamin nan na Gimbana da Gobirawa suka far wa jama'arsa gab da hijirar Shehu ta 1804. Shi ya sa har gobe ake cewa Gimbanawa. Cikin ɗan lokaci kasuwar Jega ta zama mahaɗar fatake: gishirin Foga daga yamma, tufafi daga Kano, goro daga Gwanja, dabbobi, fatu, da kuma bayi, kada mu ɓoye. Ma'anar wannan ga mai neman asali ita ce, shekara ɗari biyu kacal ke tsakaninmu da kafuwar garin, kaka shida ko bakwai. Kusan kowane gida a Jega daga wani wuri ya zo, kuma sunan wurin bai gama ɓacewa ba. Yana cikin sunan shiyya, yana cikin tsagar fuskar tsofaffi, yana cikin wanda kuke wasan taubasantaka da shi.

Ga inda nake son mu tsaya sosai. Takardar da ta fi kowace amfani wajen gano asalin gidan Musulmi ita ce ta rabon gado. Ku duba yadda take. Alƙali ba zai raba ko tukunya ba sai ya san mamacin ya bar mata nawa, 'ya'ya maza nawa, mata nawa, ko iyaye na raye, wane ne shaƙiƙi, wane ne ɗan uba. Tumunin takaba ba ya fita sai an ambaci mai takabar. Saboda haka shafi ɗaya na rabon gado kan ba ka abin da littafin coci zai ba ka a shafi goma: sunayen matan gida, ɗakin da kowane ɗa ya fito, gonar fadama da iyakarta, jakuna, bashin da ake bin mamaci a Salaga ko Kano. Akwai irin waɗannan takardu cikin adakar dattawa a Aliero da Maiyama, naɗe cikin tsumma tare da rasiɗin haraji da na jangali, gara na ci a hankali. Akwai kuma abin da malamai kan rubuta a bayan bangon littattafansu: an haifa mini wane ranar kaza ga watan kaza. Wanda ya gaji gafakar kakansa ya buɗe ta ya duba shafin farko da na ƙarshe kafin ya ce ba shi da tarihi.

Takardun gwamnati kuwa sanannu ne, ba sai na ja ba. Gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin Lardin Sakkwato, ciki har da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi lokacin yanka haraji. Akwai Arewa House, akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai ku je da sanin cewa Bature ya tambayi hakimi ne, hakimi kuma ya faɗi jerin gidan sarauta. Manomin albasa da mai ɗori da masunci sun shiga ne a matsayin kawunan da za su biya kuɗi.

Masu ɗorin Aliero kuwa misali ne mai kyau na tarihin da ba ya takarda. Sana'a ce ta gado, ana zuwa musu daga nesa, kuma gidan da ke riƙe da sana'a irin wannan yakan riƙe jerin waɗanda suka koyar da ita, wane daga wane. Wannan jeri silsila ce, darajarta ɗaya da ta malaman hadisi wajen mai bincike, ko da ba a taɓa sa ta a takarda ba. Ga jami'a a garin. Ɗalibi guda da wayarsa zai iya naɗar wannan cikin yini biyu.

Wani yanki na tarihin gidajenmu kuma ba ya nan sam, yana kan hanyar Gwanja. Ayari kan tashi da madugu da jagaba, ya ƙetare Kwara, ya bi ta ƙasar Bargu har Salaga, a yi watanni. Wasu ba su dawo ba. Sun yi aure a zango, da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 suka gangara Kete Karachi da Kumasi da Akara, wato har suka zama maƙwabtan waɗancan gidaje na Osu. Alhaji Umaru Karachi, babban malamin da ya rasu a 1934, an haife shi a Kano, amma a jerin sunansa akwai al-Kabbawi, domin asalin gidansu Kabi ne. Ya yi rayuwarsa a ƙasar Gwanja bai yar da wannan alamar ba. Da gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi a 1969, an ga waɗanda suka dawo suna tambayar gidan kakan da ba su taɓa gani ba. Duk wanda a gidansu ake cewa "wane ya tafi Gwanja" ya sani yana da dangi a can, kuma su ma wataƙila suna riƙe da rabin labarin.

Abu biyu ke ba da wuya, kuma gara in faɗe su a gaban iyaye. Na farko alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mata ba ta kiran sunan miji, jikoki sun san tsohuwa da Kaka ko Inna kawai, har ta koma ga Allah ba wanda ya tambayi sunanta na yanka. Ga shi kuwa ita ce ta san wanda ya sha nonon wa, wadda aka saki, da wanda aka ɗauko riƙo. Don haka ku fara da ita, kada ku fara da maigida. In ta ce ba ta san shekara ba, ku tambaye ta da abin da ya faru: kafin mutuwar Sardauna ne ko bayanta, wato 1966? Lokacin canjin kuɗi ne, 1973? Abin da ta ji daga uwarta, kafin yunwar Kakalaba ta 1914 ne, ko zamanin yaƙin Satiru na 1906? Da haka ake kafa shekara.

Na biyu ya fi nauyi. Garin da aka yi cinikin bayi, dole wasu gidaje su tarar da kakar da aka sayo, wasu su tarar da kakan da ya sayar. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936, kuma tsakanin nan kotunan alƙalai sun rubuta waɗanda suka fanshi kansu da waɗanda aka 'yanta. A ganina mai bincike ba shi da ikon goge wannan, ba shi kuma da ikon tallata shi a Facebook don ya ɓata auren wata. Ya rubuta abin da ya samu, ya rubuta wanda ya gaya masa da ranar da ya gaya masa, ya miƙa wa masu gidan. Su ke da ta cewa a kan abin da zai fita waje.

Ga roƙona ga masu unguwanni da limamai da ke zaune a nan. Ɗaliban da za su zo muku ba za su ɗauki takardar kowa su tafi da ita ba. Za su ɗauki hotonta a gaban mai ita, su bar masa kwafi, kuma ba za a yi amfani da ita a rikicin gona ba sai da yardarsa. In kun tsaya musu a kan wannan, adakoki za su buɗe.